Wai mun yi asarar ƙuri'a

Bari in fara da tona wa kaina asiri tun kafin wani ya tona. A zaɓen shugaban ƙasa na 2019 ban zaɓi tsintsiya ba, ban zaɓi lema ba, wata ƴar ƙaramar jam'iyya na dangwala wa, saboda na ji ɗan takararta yana magana a kan wutar lantarki da makarantun gwamnati kuma maganar ta shige ni. Wanda ya yi zaɓen nan zai tuna takardar, doguwa kamar rawani, ƴan takara 73 a jere, sai ka yi ta bin ta da yatsa kamar mai neman sunansa a jerin waɗanda suka ci jarrabawa. Wata tsohuwa da ke gabana a layi ta fito tana mita, wai ita alamomin nan duk sun haɗe mata ido, Allah dai ya sa inda ta nufa nan yatsan ya sauka.

Da la'asar aka zazzage akwati a barandar firamaren unguwarmu, ɗan bautar ƙasa yana ɗaga takarda ɗaya bayan ɗaya, mu kuma muna ƙirgawa da ƙarfi. Aka gama da manya, sai aka shiga kiran ƙanana, kowacce aka kira sai taro ya amsa "babu!" ana dariya. Aka zo kan tawa, ya ɗaga takarda ƙwaya ɗaya tal. Wallahi wajen ya kaure da shewa, wani yana cewa wane mai ƙarfin halin ne wannan, ni kuwa na yi fuska ina kallon sama kamar ba ni ba. Babu ejan ɗin jam'iyyar a wajen, ko mutum ɗaya da zai sa hannu a takardar sakamako. Daga baya bakina ya kasa riƙe zancen na faɗa a teburin mai shayi, tun ranar abokina yake kira na Ƙuri'a Ɗaya, kuma kullum maganarsa ita ce, "Malam ai ka zuba ƙuri'arka a kwata."

To ni wannan kalmar ta asara ce ban yarda da ita ba, musamman daga bakin Bakano. Zaɓe ai ba caca ba ne da za a ce sai ka canki wanda zai ci. In haka ne duk wanda ya zaɓi Buhari a 2003 da 2007 da 2011 asara ya yi kenan, tunda sau uku yana faɗuwa? A 2011 ɗin ma CPC jaririyar jam'iyya ce, gwamna ɗaya ta samu a duk ƙasar nan, na Nasarawa, amma ƙuri'a miliyan 12 da ya tara ita ta sa aka zauna da shi a haɗakar da ta haifi APC a 2013.

Kuma mu nan Kano mun fi kowa sanin abin da ƙaramar jam'iyya take iya yi. A 1979 jam'iyyu biyar ne, PRP ta Malam Aminu Kano ba ta kama ƙafar NPN ba ko a kuɗi ko a faɗin ƙasa. Malam na huɗu ya zo, da ƙuri'a kusan miliyan 1.7. Amma ku duba abin da ƙuri'un nan suka jawo. Doka ta ce sai ɗan takara ya samu kashi ɗaya cikin huɗu a biyu bisa ukun jihohi, jihohi kuwa 19 ne a lokacin. Shagari ya samu a 12, ta goma sha ukun ita ce Kano, inda ya tsaya a ƙasa da kashi 20 cikin ɗari saboda Malam ya kwashe gari. Daga nan rigimar sha biyu da biyu bisa uku ta taso, Awolowo ya kai ƙara, lauya Richard Akinjide ya yi lissafinsa, sai da Kotun Ƙoli ta raba gardama ana saura kwanaki a rantsar da shugaban ƙasa. Ƙuri'ar talakan Kano, har da na Jigawa tunda lokacin ba a raba mu ba, ita ta tsayar da ƙasa cak. Sannan jam'iyyar mai alamar mukulli ta ba mu Abubakar Rimi a Kano, ta ba Kaduna Balarabe Musa. Wa zai je Gidan Mumbayya, gidan Malam, ya ce waɗannan mutanen asara suka yi?

Ba sai mun tafi da nisa ba ma. NNPP kafin 2022 wa ya san ta a Kano? Kwankwaso ya shige ta, a 2023 shi ma ya zo na huɗu da ƙuri'a kusan miliyan 1.5, wajen dubu 997 daga ciki a Kano kaɗai, kwandon kayan marmari ya ɗauki gwamna da sanatoci biyu. Ko kana son jar hula ko ba ka so, lissafi ne. Haka Peter Obi da LP, aka yi ta musu dariya wai ba su da ko kansila, sai ga miliyan 6 da ɗoriya, har Legas ya kayar da Tinubu.

Amma fa, a nan zan juya kan su ƙananan ƴan takarar, don ni ma ina da ƙorafi kuma na fi kowa haƙƙin yin sa tunda na taɓa ba su tawa.

Bayan zaɓen nan da kamar wata biyu na ce bari in je ofishin jam'iyyar da na zaɓa in yanki kati, tunda an ce tafiya ce mai nisa. Shago ɗaya ne dama a saman wani bene. Na hau na tarar da kwaɗo a ƙofa, an cire tuta, fosta ta yage saura rabin fuska. Mai gyaran waya na ƙasa ya ce ai tun satin zaɓe ba su ƙara leƙowa ba, kuɗin haya ma na wata shida suka biya. Raina ya ɓaci ba kaɗan ba. Shi ya sa da INEC ta soke rajistar jam'iyyu 74 a watan Fabrairun 2020 ban zubar da hawaye ba, duk da na san da wahala aka buɗe ƙofar, sai da su Gani Fawehinmi da Balarabe Musa suka je har Kotun Ƙoli a 2002 kafin a daina toshe wa sababbin jam'iyyu hanya. An buɗe ƙofa don masu aƙida, sai ƴan kasuwa suka rigaye su shiga. Jam'iyya a cikin jaka, shugaba da sakatare da hatimi, a jira saura sati ɗaya zaɓe a kira ƴan jarida a ce mun janye wa wane. Kowa ya san janyewar nan ba don Allah ake yin ta ba.

Abin da ya raba Malam da waɗannan shi ne shekaru. NEPU, jam'iyyarsa kafin PRP, tun 1950 aka kafa ta, mutane sun sha ɗauri da bulala a kanta, akwai ta a wajen teloli da ƴan koli da masu facin keke, kafin a zo 1979 an yi kusan shekara talatin ana shuka. Kai kuma ka tashi daga Abuja ko Legas da turancinka mai daɗi, ba ka da kansila a mazaɓu 484 na jihar nan, ba ka taɓa shiga gidan rediyo ka yi magana da Hausa ko ka sa wani ya yi maka ba, ka ce kujerar Aso Rock kake so kai tsaye. Haba dai. Rumfunan zaɓe a ƙasar nan sun haura dubu 176, ko naira dubu goma za ka ba ejan ɗaya a kowacce ka doshi biliyan biyu, ban da mota ban da fosta. Wanda ba shi da kuɗin nan dole ya samu mutanen da za su tsaya masa kyauta, su kuwa ba a samun su a Facebook cikin wata uku.

Na san za a ce manyan ne suka toshe ko'ina, kuma gaskiya ne. Fam ɗin takarar shugaban ƙasa a APC naira miliyan 100 aka sayar da shi a 2022, na PDP miliyan 40, doka kuma ba ta yarda mutum ya tsaya a ƙashin kansa ba sai da jam'iyya, to mai ra'ayi marar kuɗi ina zai nufa in ba ƙanana ba? Omoyele Sowore na jam'iyyar AAC ya tsaya a 2019 ya sake tsayawa a 2023, ƙuri'unsa ba su taka kara sun karya ba, amma ko ba komai shi ana ganinsa tsakanin zaɓe da zaɓe, yana shiga kotu yana fita. Wannan ko ban zaɓe shi ba zan saurare shi. Abin da ya fi ba ni tausayi PRP ce, a 2023 ta tsayar da Kola Abiola, kuma a garin Malam yara da yawa ba su ma san mukullin yana kan takarda ba.

Ni dai zan iya sake ba ƙaramin ɗan takara ƙuri'ata gobe, ba na jin kunya, amma yanzu ina da tambayar da zan fara yi wa duk wanda ya kawo min fosta: wa kuka tsayar kansila a mazaɓarmu, kuma ina ofishinku yake in zo in gani bayan sallah? Na faɗa wa abokina haka jiya da daddare, ya kurɓi shayinsa ya ce, "To Ƙuri'a Ɗaya, in ka samo su ka gaya min, sai mu zama biyu." Har yanzu ban tabbatar ko da gaske yake ba.