Iyakar Aikin Mai Zanen Gida

Mutane da yawa suna ɗauka cewa da zarar sun biya mai zanen gida, shi ne zai tsaya a kan aikin har a yi rufi, kuma duk abin da ya lalace a wuyansa yake. Wannan fahimta kuskure ce.

Aikinsa yana farawa ne da sauraron mai gida: mutum nawa za su zauna, ɗaki nawa ake buƙata, nawa aka tanada. Daga nan sai ya duba filin, ya lura da gangarensa da mafitar rana da hanyar da iska take bi, domin su ne za su nuna inda tagogi za su kasance da inda ruwan sama zai gudu. A ganina, nan ake gane gwani. Sai ya fitar da zanen farko a yi masa gyare-gyare, sannan ya kammala cikakken zane mai ɗauke da awo, wanda ake miƙa wa hukuma don neman izinin gini, kuma da shi magina za su yi aiki.

Lissafin ƙarfin harsashi da ginshiƙai da yawan rodi kuwa aikin injiniya ne, kuma sau da yawa kuɗinsa daban ne. Ziyartar wurin gini ma galibi ba ta cikin kuɗin zane sai an rubuta ta a yarjejeniya, kuma ko an rubuta, abin da zai duba shi ne ko ana bin zanen. Ɗaukar ma'aikata da sayen kaya alhakin ɗan kwangila ne.