Thelema: addinin da ya ce kowa tauraro ne

Jama'a, tunda bidiyon Illuminati suka cika mana wayoyi, na lura duk wanda ya ga hoton wani Bature mai sanƙo da ido a zare sai ya ce ga shugaban matsafan duniya. Sunansa Aleister Crowley, kuma abin da ya kafa addini ne mai suna Thelema, da littafinsa da ibadunsa da mabiyansa har gobe. Ni Musulmi ne, ban yarda da shi ba ko kaɗan. Amma ina so in ƙi shi a kan abin da ya faɗa da bakinsa, shi ya sa na zauna na karanta.

An haifi Crowley a Ingila a 1875, a gidan Kiristoci masu tsananin riƙo, ya taso da ƙin duk abin da aka ɗora masa a gidan. A watan Afrilun 1904 yana Alƙahira tare da matarsa Rose, ya ce wata murya mai suna Aiwass ta yi masa shifta kwana uku a jere, 8 da 9 da 10 ga wata. Abin da ya rubuta shi suke kira Littafin Doka. Babi uku ne, kowanne da muryar wani abin bauta da aka aro sunansa daga tsohon addinin Masar: Nuit, Hadit da Ra-Hoor-Khuit.

Kalmar Thelema ta Girkanci ce, ma'anarta nufi. Dokar tasu kuwa gajeruwa ce: ka aikata abin da ka nufa, iyakar doka ke nan. A nan mutane ke yin kuskure, su ɗauka cewa aka yi kowa ya sheƙe ayarsa. Mabiyan sun ce sam. A wurinsu kowane namiji da kowace mace tauraro ne mai falakinsa, kowa yana da Nufi na Gaskiya, wato abin da ya zo duniya dominsa, kuma aikinsa ya gano shi ya bar duk wata sha'awa da ba shi ba. Suna cika dokar da cewa ƙauna ce doka, ƙauna a ƙarƙashin nufi. Idan ka ga suna gaisawa da lamba 93, daga lissafin haruffan Girkanci ta fito, domin kalmar nufi da ta ƙauna duk 93 suke bayarwa.

Kuma ba hanyar malalata ba ce. Sau huɗu suke gaida rana: da fitowarta su fuskanci gabas, da tsakar rana kudu, da faɗuwarta yamma, da tsakar dare arewa. Ga zaman yoga, ga rubuta duk abin da mutum ya yi ya kuma ji a littafi kullum, ga taron ibada da Crowley ya tsara a 1913 wanda O.T.O., wata ƙungiyar mabiya Thelema, ke yi har yanzu.

To ina matsalata take? Bautar rana da gumakan Masar, wannan ba sai na tsaya bayani ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wa zai raba Nufi na Gaskiya da son zuciya. Dukanmu mun san yadda zuciya ke yi wa abin da take so ado har ya yi kama da gaskiya. Mazinaci yana da hujja, mashayi yana da hujja, kowannensu zai iya rantsewa cewa falakinsa ke nan.

Mabiyan suna amsawa da cewa horo yana tace mutum, kuma malami yana duba littafin almajiri. Na ji. Mu duba babban malamin. A 1920 ya buɗe gidan ibada a garin Cefalù na tsibirin Sisili a Italiya. Miyagun ƙwayoyi da lalata suka zama ruwan dare a gidan. Wani matashi da ya zo daga jami'ar Oxford, Raoul Loveday, ya yi rashin lafiya ya mutu a can a 1923, kuma a shekarar gwamnatin Mussolini ta kori Crowley daga Italiya. Ban ce duk mabiyansa na yau haka suke ba, da yawansu ma suna sukar halinsa a fili. Amma shi ne ya ce an yi masa shiftar dokar, shi ya fi kowa sanin horon, kuma ya mutu a garin Hastings na Ingila a 1947 cikin talauci, jarabar ƙwayar heroin ba ta sake shi ba.