Takarazuka: wanda ya mallaki bayan labule shi ke da alhakin abin da ya faru a can

Duk wasan da aka yi a babban gidan wasan Takarazuka da ke lardin Hyogo, kusa da Osaka a ƙasar Japan, da abu guda ake rufe shi. A fito da wata doguwar matattakala mai hawa 26, 'yan wasa su riƙa saukowa ɗaya bayan ɗaya suna waƙa, can a ƙarshe tauraron ƙungiya ya bayyana, goye da gashin tsuntsu mai faɗin da ya fi ƙarfin ƙofar ɗaki. Kafaɗa a buɗe, murya a ƙasa, kallo irin na saurayin da ya san ana son sa. Mace ce. Duk wanda ke kan dandamalin mace ce, haka ma galibin waɗanda suka cika kujeru 2,550 na zauren.

Asalin abin kasuwanci ne, kuma yana da kyau a riƙe wannan. Kobayashi Ichizo, mai kamfanin jirgin ƙasa da ya zama Hankyu, yana neman abin da zai sa mutanen Osaka su hau jirginsa har ƙarshen layi. Sai ya tara 'yan mata mawaƙa a 1913, suka yi wasansu na farko a 1914 a cikin wani wurin ninƙaya da aka mayar zauren kallo. Yau ƙungiyoyi biyar ne: Fure, Wata, Dusar Ƙanƙara, Tauraro, da Sararin Samaniya wadda aka kafa a 1998. Taken da Kobayashi ya bar musu shi ne tsarki, gaskiya da kyau.

Ƙofa ɗaya ce ta shiga, wato makarantar kiɗa ta Takarazuka, wadda ke ɗaukar kimanin 'yan mata 40 a shekara, masu shekara 15 zuwa 18, ta horar da su shekara biyu. A nan ake rabuwa: dogaye masu kaurin murya su zama otokoyaku, masu fitowa a maza, sauran su zama musumeyaku, masu fitowa a mata. A cikin gidan ana cewa sai an yi shekara goma kafin a iya zama namiji. Yadda ake zama a kujera, yadda ake riƙe ƙugun abokiyar rawa, yadda ake gyara wuyan kwat, duk koyon su ake yi daga manya, da ido.

To amma wasan ba ya ƙarewa idan labule ya sauka. Otokoyaku tana fita daga ƙofar baya da gajeren gashinta da wando da tafiyarta ta kan dandamali, ta tarar da masoyanta sun jeru sahu-sahu a bakin titi, sanye da mayafi ko riga iri ɗaya, na gaba a tsugune, babu ihu babu turereniya, kowa da wasiƙarta a hannu. Ba a faɗin shekarunta a hukumance, ba a kiran ta da sunan yanka, ba a zancen wanda take so. Kuma muddin tana cikin ƙungiyar ba ta aure. Ranar da ta so aure, ranar ta ajiye aiki. A wasan kabuki na gargajiyar Japan, wanda maza zalla ke yi tun bayan hana mata a 1629, namijin da ke fitowa a mace yana da matarsa da 'ya'yansa, har ya gadar wa ɗansa sunan wasa. Wanda ya ce dokar Takarazuka larurar sana'a ce kawai, sai ya fara bayanin wannan bambanci.

A ganina, kamfanin ba wasan sa'a uku kaɗai yake sayarwa ba. Yana sayar da rayuwar 'yar wasan gaba ɗaya, har da shirunta. Ban ce babu alheri a ciki ba. Mata da yawa sun sami suna da ƙafar tsayawa ta wannan hanya a lokacin da al'ummarsu ba ta ba su fili. Ogi Chikage daga nan ta fito har ta shugabanci majalisar dattawan Japan daga 2004 zuwa 2007. Masoya kuma na da hujjarsu idan suka ce sirrin nan yana kare 'yan wasa daga 'yan gulma da jaridun tsegumi. Sai dai katangar da ke hana na waje leƙe ita ce ke hana kukan na ciki fita.

Ranar 30 ga Satumba, 2023, aka tsinci gawar wata 'yar ƙungiyar Sararin Samaniya mai shekara 25 a harabar ginin da take zaune, kuma 'yan sanda suka ɗauka ita ta kashe kanta. Tana shekararta ta bakwai a gidan, an ɗora mata jagorancin shirya wasan sababbin shiga, ban da nata atisayen. Lauyoyin iyayenta sun lissafa cewa a watan ƙarshe ta yi aikin da ya wuce ƙa'ida na sa'a 277, tana barcin kusan sa'a uku a dare. Mizanin da hukumomin Japan ke auna mutuwa saboda yawan aiki da shi, sa'a 100 ne a wata. Iyalin sun kuma ce wata babba ta ƙona mata goshi da ƙarfen gyaran gashi, kuma manya sun sha zazzaga mata baƙar magana.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne amsar farko. A watan Nuwamba kamfanin ya fitar da rahoto, ya amince aiki ya yi yawa, amma ya ce ba a tabbatar da cin zali ba. Shugaban Takarazuka baki ɗaya, Koba Kenshi, ya sauka. Sai da iyalin suka kafe, jama'a suka yi caa, sannan a ranar 28 ga Maris, 2024, kamfanin Hankyu Hanshin, wanda ya mallaki Takarazuka, ya amsa laifuka 14 na cin zarafi, ya nemi gafara. Wata shida ana jayayya da uwa mai makoki kan abin da gidan ya fi kowa sani.

Ba wai ba a san halin da ake ciki ba. Tun 2020 aka ji cewa makarantar ta soke wasu al'adu, irin su ɗalibar shekarar farko ta rusuna wa jirgin Hankyu idan ya wuce, wai ko akwai babbar yaya a ciki, ko kuma ta taƙaita amsarta ga manya a kan 'yan kalmomi kamar "e" da "a'a". Yarinyar da ta tashi a haka daga shekara 15, wa za ta kai wa ƙara a shekara 25? Ga kuma dabarar da ta fi muni: har tauraruwa ana ce mata ɗaliba, sannan kafin 2025, daga shekara ta shida ba ma'aikaciya ba ce a takarda, mai kwangilar kanta ce. Wajen biyayya ɗaliba, wajen haƙƙi 'yar kwangila. Kamfanin ya ci riba ta kowane ɓangare.

An gyara wannan ɓangaren a 2025, inda aka mayar da 'yan shekara shida zuwa sama cikakkun ma'aikata, aka kuma mayar da Takarazuka kamfani mai rajistar kansa. Gyara ne na gaske, domin yanzu akwai sa'o'in aiki da mai binciken ƙwadago zai iya ƙirgawa. Dokar aure dai tana nan, kuma ƙungiyoyin masoya, waɗanda ke hada-hadar tikiti da hidimar taurari ta yau da kullum, har yanzu kamfanin bai ɗauke su a matsayin nasa ba, alhali yana cin moriyarsu.