Haƙorin gimbiya da lu'ulu'un Lahore: abin da akwatin adon Sarauniya Victoria ke faɗa

A cikin kayan adon da Sarauniya Victoria ta Birtaniya ta bari akwai wani ɗan ƙaramin abin maƙalawa a ƙirjin riga, na zinare, mai siffar furen wata ƙaya ta ƙasar Sikotland. Farin abin da ke kansa, wanda mai kallo zai ɗauka dutse ne mai daraja, haƙori ne. Babbar 'yarta ce, Gimbiya Victoria, ta yi famfara a shekarar 1847 suna hutu a Sikotland, sai mahaifinta Yarima Albert ya sa maƙera suka dasa haƙorin a zinare, ya miƙa wa uwar kyauta.

Irin waɗannan kaya suna da yawa, kuma su ne masu son gidan sarautar Ingila suka fi ɗokin ba da labarinsu. Victoria ta hau gadon sarauta a 1837 tana da shekara 18, ta auri Albert ranar 10 ga Fabrairun 1840, kuma ana gobe ɗaurin aure ya ba ta wani babban shuɗin yaƙutu da aka zagaye da lu'ulu'u, wanda ta maƙala a rigar amarcinta. Da ta haifi 'yar fari a ƙarshen wannan shekara, ya ba ta munduwar zinare mai ɗauke da ɗan mazubi mai siffar zuciya, aka sa gashin jaririyar a ciki. Duk haihuwa sai a ƙara zuciya ɗaya, har suka kai tara a 1857. Abin dariyar shi ne, wasiƙun da ta riƙa aika wa babbar 'yarta daga baya sun nuna macen da ta tsani laulayi da shayarwa, wadda ba ta ganin kyan jarirai sam. Duk da haka ta adana gashinsu da haƙoransu kamar wata dukiya.

Bayan Albert ya rasu a Disambar 1861 yana da shekara 42, sarauniyar ta shiga baƙaƙen kaya, ba ta kuma fita daga cikinsu ba har ta cika a 1901. Takabar tata ta sauya har kayan sarauta. Babban kambin mulki ya yi mata nauyi, kuma ba ya zama a kan farar hular zawarcinta, saboda haka a 1870 aka ƙera mata ƙaramin kambi na azurfa da lu'ulu'u sama da dubu, babu dutse mai launi ko ɗaya, domin al'adar makoki ta lokacin ba ta yarda da launi ba.

Ba na musun cewa wannan soyayya ta gaskiya ce. Abin da nake ƙi shi ne a tsaya a nan, domin a cikin wannan akwati ɗin dai akwai Koh-i-Noor, shahararren lu'ulu'un da aka kawo daga Lahore, kuma shi ma labarin uwa da ɗa ne.

A 1847, shekarar da aka dasa haƙorin gimbiya a zinare, jami'an Birtaniya a Lahore sun raba Duleep Singh, yaron da ke kan karagar masarautar Sikh ta Punjab, da mahaifiyarsa Jind Kaur, suka tsare ta saboda tana yi musu turjiya. Bayan shekara biyu, da aka ci masarautar da yaƙi, aka kawo wa yaron, yana ɗan shekara goma, takardar yarjejeniya ya sa hannu, kuma ɗaya daga cikin sharuɗɗanta shi ne ya miƙa Koh-i-Noor ga sarauniyar Ingila. Gwamna Janar na Birtaniya a Indiya, Lord Dalhousie, ne ya tsaya kai da fata a kan wannan sharaɗi. Dutsen ya isa hannun Victoria a Yulin 1850, aka baje shi a babban baje kolin Landan na 1851, 'yan kallo suka yi ta ƙorafin ba ya ƙyalli yadda suka zata. A 1852 Albert, wannan miji mai tausasa zuciya da kyautar gashin jarirai, ya jagoranci sake sassaƙa shi, nauyinsa ya sauko daga wajen karat 186 zuwa 105 da 'yan kai. Sama da kashi biyu cikin biyar na dutsen ya tafi a ƙura don ya dace da idon Turawa.

Masu kare fadar kan ce yarjejeniya ce aka sa wa hannu, kuma dutsen dama ta hanyar yaƙi ya riƙa sauya hannu tsakanin sarakunan Mughal, Farisa, Afganistan da Punjab. Rabin maganar gaskiya ne, shi ya sa ma a yau Indiya, Pakistan, Iran da Afganistan kowace ke cewa nata ne. To amma wace kotu ce, ko a Ingilar wancan zamani, za ta amince da cinikin da aka ƙulla da yaro ɗan shekara goma wanda aka kulle uwarsa, sojojin mai saye kuma suna tsaye a ƙofar gidansa? Ita kanta fadar ta san maganar da nauyi: a bikin naɗin Sarki Charles na 2023 an kauce wa kambin da dutsen ke jikinsa, aka bar shi a Hasumiyar Landan.

Victoria ta ja Duleep Singh a jiki bayan an kawo shi Ingila, har ta zama uwar baftismar ɗansa Victor. A 1854, yana zaune a fadar Buckingham ana zana hotonsa, ta sa aka kawo dutsen ta ɗora masa a tafin hannu. Lady Login, matar mai kula da shi, wadda ke wurin, ta ce ya je bakin taga ya daɗe yana jujjuya shi a haske, sannan ya dawo ya rusuna ya mayar wa sarauniya. Yana da shekara 15 a lokacin, rabonsa da mahaifiyarsa shekara bakwai, kuma bai sake ganin ta ba sai a 1861 a Kalkata, bayan idanunta sun kusa mutuwa.