A ba yaran Katsina bango su yi zane

Duk wanda ya bi titi daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Soro ya san bangon Katsina ya daɗe da samun masu rubutu a kansa. Fostar 'yan takarar 2023 tana nan ta koɗe, an liƙa wata a kan wata. Mai maganin basir ya rubuta lambar wayarsa da baƙin fenti. Mai gida ya gaji da wari, ya ɗauki gawayi ya rubuta "Ba a fitsari a nan". To idan yara 'yan shekara 15 ko 16 suka nemi a ba su bango su ƙawata, wani ya ce za su ɓata gari, sai a tambaye shi me ya rage da ba a riga an ɓata ba.

Ni dai ina goyon bayan a ba su. Yaran suna nan birjik. Da wuya ka shiga ajin sakandare ba ka sami wanda bayan littafinsa ya cika da zane ba, wasu har suna ɗora aikinsu a TikTok da Facebook. Ga 'yan matan da ke zana lalle ranar biki, hannunsu ba ya rawa. Ga almajirin da ya iya zayyanar allo, ya san yadda ake haɗa ja da kore da ruwan ɗorawa ba tare da wani ya danne wani ba. Mafi yawan wannan baiwar a littafi take mutuwa, wanda ya yi sa'a ya ƙare a rubuta sunan shago.

Akwai masu cewa zanen bango kwaikwayon Turawa ne. Waɗannan sun manta da maginan Hausa. Kafin bulo da siminti, mai hali ba ya barin fuskar zaurensa fayau. Magini yana yaɓe, tun ƙasar tana ɗanya yake fitar da dagi da sauran zane da yatsunsa, a ɗora zankwaye a saman soro. Ruwan makuba, daga ɓawon ɗorawa, shi ke kare bangon daga damina. A kan rufi kuma ana shafa laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Maginan Zariya ma a ƙarnin da ya wuce har keke da mota suka riƙa sakawa a jikin gidaje, domin su ne sababbin abubuwan zamaninsu. Kuma duk wannan a waje ake yi, a fuskar gida, don mai wucewa ya gani. Daga 1987 da Katsina ta zama babban birnin jiha, gari ya faɗaɗa, sababbin unguwanni suka cika da dogayen katangu masu launin toka, maginan gargajiya suka rasa masu kiransu. Yaron da ke son cike wannan fili da zane ya fi mai katangar kusa da al'adar kakanninsa.

Maganar addini kuwa ba ta wasa ba ce, bai kamata a yi mata gatsali ba. Hadisan da suka yi gargaɗi kan siffanta mai rai sanannu ne, kuma Katsina garin malamai ne tun zamanin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani. Malamai suna da bayanai a kan bambancin gunki da zane da hoton kyamara, wannan fagensu ne. Amma bangon titi na kowa ne, bai dace a ɗora masa abin da rabin masu wucewa za su kawar da kai daga gare shi ba. A nan na saɓa wa wasu yaran da burinsu shi ne su zana fuskar mawaƙi ko ɗan ƙwallon Turai. Ranar da aka yi haka a bangon da ke kallon masallaci, ranar za a rufe maganar gaba ɗaya, har da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Dagi yana nan, aska tara ta wuyan riga tana nan, zanen ƙwarya, bishiyar kuka, rumbu, ƙofofin gari, karin magana da boko ko ajami. Ayar Alƙur'ani ce kawai zan ce a bar ta a cikin masallaci da makaranta, saboda mun san abin da ake yi a gindin bangon titi.

Wuraren da ba za a taɓa ba ma a faɗe su tun yanzu. Hasumiyar Gobarau, wadda ake danganta ginin ta da zamanin Muhammadu Korau, da abin da ya saura na ganuwa, da ginin tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, waɗannan ba allon gwaji ba ne. Ban da darajar tarihi, akwai dalili na aiki: ginin ƙasa yana shan laima yana fitarwa, idan aka rufe shi da siminti ko fentin mai sai ruwan ya maƙale a ciki, yaɓen ya ɓamɓare ya tafi da ƙasar. A kai yara su zauna gaban Gobarau su zana ta a takarda, sannan su je su fitar da ita a katangar firamaren unguwarsu.

Abin da na fi tsoro shi ne 'yan siyasa. Da zarar sun ga abin ya karɓu, sai a mayar da shi kwangila. Babban mutum ya karɓi kuɗi, a kira yara su yi aikin a kan kuɗin abinci, a ƙarshe kuma a ce a saka hular oga a tsakiya. Abin da ake buƙata daga hukuma kaɗan ne: izini a rubuce, da katangun da suke nata, irin na makarantu da asibitoci da tashoshin mota da bangon gadar ƙasa ta Ƙofar Ƙaura, sai fenti da tsani. Katangar gidan mutum kuwa sai da yardarsa da sanin mai unguwa. Sannan a biya yaran. Wanda ya yini a rana yana goga buroshi ya yi aiki, kuma yaron da aka biya tun yana ɗan shekara 16 zai gane abin da ke hannunsa sana'a ce.

Na san wani zai ce jihar da mutanen Batsari da Jibiya da Safana suka sha fama da 'yan bindiga, ga tsadar hatsi, ina ita ina fenti. Gaskiyarsa, zane ba ya korar ɗan bindiga, kuma ba zan yi da'awar cewa zai kawo ƙarshen ƙauranci, wato dabar matasa, a unguwanni ba. Sai dai kuɗin da ake magana ba wani mai yawa ba ne, kuma yaran birni suna da dogon hutu da ba su da abin yi a cikinsa, ko an yi zanen ko ba a yi ba.

Aikin kansa yana son sani. Sai an kankare bango, an toshe tsaga, an shafa farin fenti na ƙasa kafin launi ya kama. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan ɗaukewar ruwa, kafin zafin bazara ya hana tsayuwa a rana. A haɗa kowace ƙungiyar yara da mai fenti ɗaya da tsohon magini ɗaya, shi ma a sallame shi da kyau, domin a hannunsa sunayen zanen da yadda ake fitar da su suka rage. Malaman zane na makarantu da ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Tarayya za su iya sa ido. 'Yan mata kuma, tunda iyaye da yawa ba za su yarda su hau tsani a bakin titi ba, a fara ba su katangun cikin makarantunsu, ko su tsara zanen a takarda a rubuta sunansu a gindin bangon.

Rana da hazo za su cinye launin bayan 'yan shekaru, wannan ba makawa. Makarantar da ta ba da katangarta sai ta mayar da abin na 'yan aji biyar, kowace shekara su sabunta ɓangare ɗaya, a ajiye hoton na baya a ofishin shugaban makaranta.