Wa'adin da babu hukunci a bayansa: abin da ya raba Baker da Blinken

A watan Oktoban 2024 Antony Blinken da Lloyd Austin, sakatarorin harkokin waje da tsaron Amurka a lokacin, suka aika wa Isra'ila wasiƙa. Sun ba ta kwana 30 ta buɗe wa kayan agaji hanyar shiga Gaza, aƙalla manyan motoci 350 kowace rana, in ba haka ba tallafin makamai na iya shiga matsala. Wa'adi ya cika, ƙungiyoyin agaji suka ce ba a cika sharuɗɗan ba, amma Washington ta ce ba ta ga an karya dokarta ba. Makamai suka ci gaba da tafiya.

A 1991 ba haka aka yi ba. Firaministan Isra'ila Yitzhak Shamir ya nemi Amurka ta tsaya masa ya ciyo bashin dala biliyan 10 don tsugunar da Yahudawan da ke kwararowa daga Tarayyar Sobiyat. Shugaba George Bush babba da sakataren harkokin wajensa James Baker suka sa majalisar dokokin Amurka ta jingine maganar kwana 120, saboda gine-ginen 'yan kama-wuri-zauna a yankunan Falasɗinawa. Shamir ya yi ta kumfar baki, amma a ƙarshen Oktoba yana zaune a taron Madrid na sulhu tsakanin Isra'ila da Larabawa. Ba a saki lamunin ba sai a 1992, bayan Yitzhak Rabin ya kayar da shi a zaɓe, kuma da sharaɗin za a riƙa zabge abin da aka kashe kan matsugunan.

Baker bai fi Blinken iya magana ba. Yana riƙe ne da abin da Shamir ke buƙata, kuma ya hana shi da gaske.

Yau Amurka ta saki wannan linzamin da hannunta. Yarjejeniyar da gwamnatin Obama ta ƙulla da Isra'ila a 2016 ta yi alkawarin tallafin soja na dala biliyan 38 cikin shekara goma, wato biliyan 3.8 duk shekara har 2028. Wanda aka riga aka yi wa alkawarin shekara goma, me zai ji tsoro a wa'adin wata ɗaya? Dokar Leahy, wadda ta hana tallafa wa rundunar da ke take haƙƙin ɗan Adam, tana nan a takarda. An yi ta cece-kuce kan amfani da dokar a kan bataliyar sojojin Isra'ila ta Netzah Yehuda a 2024, ƙarshe aka ƙyale ta.

Falasɗinawa kuwa, su ne hukuncin ke hawa kansu nan take. A 2018 kaɗai an yanke tallafin da Amurka ke ba UNRWA, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijirar Falasɗinu, an rufe ofishin ƙungiyar 'yantar da Falasɗinu (PLO) a Washington, an kuma mayar da ofishin jakadancin Amurka birnin Ƙudus.