Ga ƙannenmu masu karatun likitanci da jinya a Legas

Ƙannena da ke karatu a asibitin koyarwa na Idi-Araba da na Ikeja, don Allah ku bar haddar aku. Kuna kwana kuna cusa dogayen kalmomi a ka, jarrabawa na wucewa su bi iska. Alhali yawancinku kun zauna gaban malamin sarfu a Islamiyya, kun san yadda kitabu da katibi da maktaba suka fito daga tushe guda. Kalmomin likitanci ma haka suke, sai dai tushen da yawansu Girkanci ne.

Ku riƙe guda biyu. Taksis tsari ne, kinisis kuwa motsi. A Girkanci "a" a farkon kalma korewa take yi, don haka ataksiya rashin tsari ne: mutum na da ƙarfinsa amma yana tangaɗi, ya miƙa hannu zai ɗauki kofi ya kuskure, sau da yawa saboda ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke ƙeya ta taɓu. Taksonomi shi ne jera halittu aji-aji. Kemotaksis kuma yadda fararen ƙwayoyin jini ke bin sawun sinadari har su iske inda cuta ta shiga. Ku ɗora "biradi", wato jinkiri, a kan kinisis, kun sami biradikinisiya, nawar motsin da ke cikin manyan alamomin cutar da likitan Landan, James Parkinson, ya bayyana a 1817, wadda ke zuwa idan ƙwayoyin da ke samar da sinadarin dofamin a ƙwaƙwalwa suka ragu.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya ba makin jarrabawa ba ne. Iyayenmu na Agege da Mile 12 da Alaba Rago suna zuwa asibiti ba Turanci, wasu Yarabancin ma na ciniki kawai suke ji. Ku za a kira ku yi tafinta. Dattijo mai ataksiya ana yi masa kallon mashayi, shi da bai taɓa kusantar giya ba. Mai karkarwar hannu a ce sammu ne ko iska, a yi ta yawo da shi har ciwo ya yi nisa. Wanda ya haddace kalma bai san cikinta ba, me zai gaya wa iyalan nan? Zai maimaita musu Turancin ne, su ce to, su tafi da ruɗaninsu.

Ku kula da diskinisiya musamman, motsin da ya ɓaci ba da son mai shi ba. Akwai wadda ke biyo bayan daɗewa kan wasu magungunan taɓin hankali irin su halofiridol: baki na taune-taune, harshe na fitowa. Idan kun gani, ku zaunar da dangi, ku faɗa musu da Hausa cewa wataƙila maganin ne, kada su tsayar da shi da kansu, su mayar da marar lafiya wurin likitan da ya rubuta shi.